Inci Shida

Asabar, 21 ga Satumba

Kayan ɗaga mota sun iso, su sifirin da shokazoba da jakar notuna. Inci shida na tsawo zan ƙara wa a-kori-kurata. Bara duwatsun hanyar sansaninmu na farauta suka kankare mata ciki, dole ni da Baba muka juyo daga rabin tudu. Likita ya ce ƙugunsa ba zai ƙara kai shi dawa sau da yawa ba. Bana sai na sauke shi a ƙofar tanti.

Na biya garejin Buck Tillery aron babban jak. Ya ce in bar masa aikin, wuni ɗaya ya gama. Ya soma wata magana kan tsayin, har ya ambaci sunan Baba, na katse shi. Ni da Baba ya koya wa riƙe sifana tun ban iya ɗaure takalmi ba?

"To, injiniya," in ji shi, "jak ɗina dai ya dawo da ransa."

Lahadi, 29 ga Satumba

Noti ɗaya ya cinye mini wuni. Tsatsa. Yatsana ya fashe. Matata Charlene ta leƙo ta ajiye kofi, ta tambaya yaushe motarta za ta daina kwana a waje, tunda tawa ta tare garejin gida.

Baba ya bugo, wai ko ya zo ya riƙe mini fitila. Na ce ya huta abinsa. So nake ya ga motar bayan na gama.

Asabar, 5 ga Oktoba

Na gama. Sai dai motar ta ƙi fita, rufinta ya fi ƙofar gareji tsawo. Wane irin mutum ne zai ɗaga mota a cikin ɗaki bai auna ƙofa ba? Sai da na sace iskar tayoyi huɗun sannan ta rarrafo waje. Charlene ta yi dariya har da hawaye. Ni ma na yi, daga baya.

Amma fa ta yi kyau.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Ranar buɗe farautar barewa. Na iske Baba a bakin ƙofa, ya sa jar hularsa, bindiga a cikin jaka, burodi da nama na mutum biyu a leda. Ya zagaya motar yana gyaɗa kai, ya ce aiki ya yi. Daɗi ya kama ni kamar yaro.

Sai ya buɗe ƙofar motar. Kujerar tana daidai ƙirjinsa.

Ya kama hannun ƙofa ya ɗaga ƙafa, ba ta kai ba. Ya sake, takalmin ya zame, na ji ƙarar da ta fito masa ta cikin haƙora. Na ce bari in kawo bokiti ya taka, ya gwada, ƙugun ya ƙi. Na sunkuya zan ɗauke shi.

"Cire hannunka, Dell. Ni ba buhun dankali ba ne."

Maƙwabcinsa na tsaye da kare yana kallo. Baba ya miƙo mini ledar burodin, ya ce in je, in gaida masa dutsen. Ya shiga gida a hankali, bai waiwayo ba.

Ban je ba. Na tsaya a bakin kogi na ci nawa. Nasa yana nan kan kujera.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Da na bar shi ya zo riƙe fitilar nan, da tun ranar ya gani ya faɗa mini. Abin na ci mini rai.

Litinin, 14 ga Oktoba

Na mayar wa Buck jak ɗinsa. Na ce ya duba mini saitin tayoyi, shi kaɗai ya kawo ni. Bai tsokane ni ba, da ma ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ya goge hannu ya ce inci biyu da matakala sun isa hanyar nan, kuma ba a rufe farauta sai ƙarshen wata.

Ban ce masa e ba. Makullin motar dai na bari a teburinsa.

Na tambayi Baba ko zai raka ni ɗauko ta ranar Laraba. Ya ce zai gani.