Sunaye Goma Sha Ɗaya a Katin Waya

Talata Mafara,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga ƙanena Mahmud,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Rukayya da yara, Ya kuma sa albarka a zamanku na Fatakwal. Mu nan jiki da sauƙi, ban da ƙafar nan tawa da ke tashi duk damina. Inna Suwaiba ta rage gani ƙwarai, amma har yanzu tana gane muryar kowa. Ruwa ya yi kyau bana, gero ya fitar da kai, sai dai wanda zai girbe shi ne ba mu sani ba.

Mahmud, na yi ɓarna, kuma gara ka ji daga bakina. Wata huɗu da suka wuce magidantan ƙauyenmu suka zo har nan Mafara suka ce in rubuta musu ƙorafi zuwa ga hukuma kan mutane uku da ke kai wa 'yan bindiga labarin gari. Tun da ni ne tsohon hedimasta, ni ake nema in an tashi rubutu, ko da yake ban da wannan ba a nema na don komai. Na rubuta, mutum goma sha ɗaya suka sa hannu. Na farko Buba mai awo, na biyu Muttaka, ɗan marigayiya Yaya Taibatu. Na kai takardar ofis uku, kowanne ya buga hatimi ya jefa a durowa. Don kada gobe a ce ba mu kawo ba, sai na ɗauki hotonta da wayata.

Ka san tun shekarar da aka yanke mana sabis mutane suka saba da turi daga waya zuwa waya. Wa'azi, waƙa, fim, duk haka ake samu. Wata Talata na shiga kasuwa, na tsaya rumfar wani mai turi, Imrana, na ce ya sa mini tafsirin azumin bara. Ya haɗa wayata da kwamfutarsa, wani rubutu ya fito, ya ce Baba danna nan kawai. Na danna. Shekara talatin da uku ina dukan 'ya'yan mutane kan su karanta tambaya kafin su amsa, ni kuwa layi biyu ban tsaya na karanta ba. Ashe ƙofar da abu ya shigo ta nan wani ke fita. Ɗabi'arsa ce ya kwashe abin da ke wayar duk wanda ya zo, don kayansa su yi yawa, sannan ya zuba su gaba ɗaya a kati ya sayar wa mai so, bai duba ba, bai tace ba. Cikin masu sayen har da 'yan aiken daji. Takardar da ofis uku suka ƙi karantawa, daji ya karanta ta tsaf, har da sunayen.

Sati uku ke nan da aka tare Buba a hanyar Maradun. Mai mashin ɗin da ya ɗauko shi ya ce sai da 'yan bindigar suka nuna wa Buba hoton takardar a waya, suka tambaye shi ko wannan sa hannunsa ne, sannan suka harbe shi.

Da aka bi sawu aka kama Imrana. An samu finafinan mutane da yake sayarwa ba izini, da bidiyon 'yan bindiga suna wasa da makamai. Ni ma aka zo aka tafi da ni, domin irin bidiyon nan har guda shida aka gani a wayata, ya cusa mini su tare da tafsirin ban sani ba. Kwana biyu na yi a tsare. Wani jami'i da bai kai ɗan cikina ba ya ce ko dai ni ne mai ba 'yan bindiga labari, ko kuma ban iya karatu ba, in zaɓi ɗaya. Na ce ya rubuta na biyun. An ba da belina, wayar tana hannunsu, kuma zan koma gaban alƙali bayan Sallah. Mutum ukun da muka kai ƙara kuwa suna nan suna cin kasuwarsu.

Ba don kaina na rubuto ba, saboda Muttaka ne. Na je har gida na roƙe shi ya bar gari. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya kawo ruwa, bai ɗaga mini murya ba, ni kuwa da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ce Kawu, magana zarar bunu ce, ta riga ta fita. Ya ce su goma suka rage, kuma shi ya bi su gida-gida ya lallashe su suka sa hannu, in ya gudu ya bar su da wane ido zai dubi matansu. Ya ce in ina son in yi masa wani abu, in fitar masa da iyali.

Shi ya sa ba a gidan waya za ka karɓi takardar nan ba. Husna matarsa ce za ta miƙa maka ita, da yaranta uku a bayanta. Ka yi haƙuri ban nemi izininka ba, na ji tsoron ka ce a jira. Ka ba su ɗaki. Husna ta ɗauka wata guda za su yi su dawo bayan girbi, haka mijinta ya gaya mata. Kada ka gyara mata lissafi.

Ka gaishe mini da Rukayya, ka ce na ɗora mata nauyi, Allah Ya saka. Ka gaida Mufida da Amira. Inna Suwaiba na gaishe ka, ba ta san komai ba, in kun yi waya kada ka faɗa mata. Ku sa Muttaka a addu'a, tawa ban san ko tana wuce rufin ɗaki ba.

Wassalam.

Yayanka,
Bawa