Hagun Walid da Lasifikar Yaya Maikano

Aubervilliers, Faransa

Zuwa ga Yayata Hajiya Hafsah, a Damagaram.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji da yara da jikoki baki ɗaya. Yaya ciwon gwiwar nan? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne. Na ji an ce ruwa ya fara sauka wajenku, Allah Ya ba da damina mai albarka. Mu ma nan lafiya lau muke. Malam Uzairu yana ta fama da shagonsa na sari, Inès ta gama jarrabawa a Lyon tana jiran sakamako, Walid kuma ya ƙara faɗi har ƙofar ɗakinsa ta fara yi masa kaɗan.

Abin da ya sa na zauna na rubuto shi ne saƙon muryar da Rékia ta aiko min. Ta ce ana ta faɗa a gidajen biki wai an kama Yaya Maikano, an gurfanar da shi a kotu a Paris, kuma wai ni na kai ƙararsa. Ta ce har an yi sadakar masa don Allah Ya fito da shi. Yaya, ki kwantar da hankalinki. Ba a kama kowa ba, ɗan sanda ko ɗaya bai shiga zancen ba. Na gwada ba ki labarin ta talho, amma ko layi ya yanke ko dariya ta hana ni, shi ya sa na ga gara takarda.

Kin san Walid ɗina da Youssouf na Yaya Maikano duk suna buga ƙwallon nan ta Amurka. Ba irin wadda yara ke bugawa da ƙafa a ƙofar gida ba ce. Ita wannan ƙwallon siffar gwanda gare ta, a hannu ake riƙe ta, 'yan wasan kuma suna sa hular kwano da katifa a kafaɗa, su yi sahu biyu suna fuskantar juna, sai su kara kamar raguna. Walid yana ƙungiyar unguwarmu, kuma shi ne mai riƙe ƙwallo ya jefa. Kafin kowace karawa yakan ɗaga murya ya faɗi wasu kalmomin sirri, don mutanensa su san inda za a bi. Youssouf kuwa yana ƙungiyar Villeurbanne, da ke gefen Lyon, aikinsa shi ne duk wanda ya gani da ƙwallo ya kayar da shi. Bana Walid ya ga abokan hamayya sun gane kalmominsu na Turanci, sai ya mayar da su Hausa. Ya koya wa Faransawa da Larabawa da 'yan Mali cewa kilishi na nufin zai jefa nesa, fura na nufin a ruga da ita, sannan ya ƙara da dama ko hagu. Da wannan dabara suka yi ta cin wasa, har suka kai wasan kusa da na ƙarshe, kuma Allah Ya haɗa su da su Youssouf a Villeurbanne.

Na shiga jirgin ƙasa da kular dambu na tafi kallo, na zauna kusa da Yaya Maikano. Tun da ya yi ritaya daga tuƙin bas bai taɓa fashin wasan Youssouf ba, har ya sayi lasifika irin ta masu tallar magani don yi wa ɗansa kirari. Da aka fara, sai na ji muryar Walid ta cika fili, yana cewa fura hagu, fura hagu. Wallahi Yaya sai da hawaye ya zo min. Yaron da ko gaisuwar ina kwana sai an ja shi, ga shi yana Hausa a gaban jama'a. Ina cikin share ido sai na ga Yaya Maikano ya miƙe, ya kafa lasifika a baki, ya kwatsa da Faransanci cewa su Youssouf su yi hagu. Suka kuwa yi hagu gaba ɗaya, suka tarar da mai ƙwallo, suka danne shi. Walid ya ce kilishi dama, lasifika ta ce dama. Haka aka yi ta yi. Na ja masa riga, ya ce in bar shi, fassara kawai yake yi, kuma fassara taimako ce. Shi kuwa Walid, kansa na cikin hular kwano ga hayaniya, bai san abin da ake ciki ba sai da aka yi nisa. Youssouf ya kayar da ɗan'uwansa har na daina dubawa. Su Walid suka sha kashi.

Mai horar da su Walid ya rubuta ƙara zuwa hukumar wasan, cewa an sace musu sirri. Wannan ita ce kotun da kuka ji, kwamitin ladabtarwa ne kawai. Aka kira Yaya Maikano Paris, kuma kin san ba shi da masauki sai gidana. Sai ga wanda ake ƙara da babban mai shaida a gida ɗaya. Walid ya bar masa gadonsa, ya ɗauko masa jaka, ya zuba masa ruwan wanka, amma duk ya yi su ne baki a rufe, gaisuwa ma da ka yake yi. Malam Uzairu ya ce shi ba ruwansa, ya riƙa fita shago tun kafin a sha shayi. Shi kuwa Yayanki ko a jikinsa. Ya zauna yana cin tuwo yana ba mu labarin yadda ake yi a Amurka, inda wasan sana'a ne. Wai can ma ana zargin manyan ƙungiyoyi da satar sirri, a dakatar da manyan mutane, jaridu su yi ta bugawa. Na lura yana faɗi yana gyara zama, kamar wanda aka gayyata karɓar lambar yabo.

Ranar zama ya sa babbar riga mai aiki da hula, ya fesa turare, muka shiga jirgin metro na cikin gari mutane na matsa masa. Ofishin kuwa ɗan ɗaki ne a hawa na biyu, da tebur ɗaya da injin kofi da ya lalace. Mutum uku ne a kwamitin, shugabarsu wata dattijuwa mai gajeren gashi wadda da gani ta taɓa koyar da yara. Inès ta zo daga Lyon don ta fassara kalmomin Hausa, tun da a gidan Yaya Maikano take zaune kuma ƙanwar Walid ce, kowa ya yarda ba za ta yi son kai ba. Mai horar da su Walid ya nemi a soke wasan a sake. Na Villeurbanne ya rantse bai taɓa ganin wannan dattijo ba, alhali dambuna ya ci a ranar. Da aka ba Yaya Maikano dama, ya miƙe ya ce shi bai saci komai ba, domin abin da aka faɗa da ƙarfi a fili da harshen uwarsa ba sirri ba ne. Ya ce in mutum ya tsaya a kasuwa yana ihun inda ya ɓoye makullinsa, bai kamata ya zargi masu kunne ba. Ya ƙara da cewa shekarun da ya yi yana tuƙa bas a Lyon bai taɓa rikita dama da hagu ba.

Nan shugabar ta ce tana so ta fahimci kalmomin da kanta. Ta ce wa Walid ya ɗaga hannun da ake kira hagu. Yaya, yaron nan ya ɗaga hannun da yake cin abinci da shi, ya ɗaga shi sama sosai, da ƙarfin gwiwa. Inès ta rufe fuska. Ni kuwa na so ƙasa ta tsage. Ashe tun farkon shekara a juye ya koya wa mutanensa, su kuma da yake ba su san komai ba suka haddace a haka, abin yana tafiya daidai a tsakaninsu. Yaya Maikano ya tafa hannu ya ce to shi ke nan, in yaron a juye yake faɗa, ke nan fassararsa ba ta amfani kowa ba, a sallame shi. Shugabar ta ce in haka ne, me ya sa duk inda lasifika ta nuna nan ake samun ƙwallo? Sai Inès ta nemi izini, ta tsayar da kawunta da yayanta suna fuskantar juna kamar yadda sahu biyu ke tsayawa a fili. Ta ce kowa ya nuna damarsa. Walid, bayan an gyara masa, ya nuna taga. Yaya Maikano ya nuna ƙofa. Ta ce ai damar mai jefawa ita ce hagun mai tarewa, kuma kawu bai taɓa tuna wannan ba. Kuskuren yaro da kuskuren babba ne suka haɗu suka zama daidai. Da Hausar Walid tana da kyau, da Yaya Maikano ya yini yana kora ɗansa inda babu kowa.

Ɗaya daga cikin 'yan kwamitin ya fita waje, muna jin dariyarsa ta bango. Yaya Maikano ya tsaya da hannu a miƙe yana kallon ƙofa, ya kalli taga, ya sake kallon ƙofa. Ban taɓa ganin babbar riga ta yi wa mutum yawa kamar ranar ba.

Hukuncin da suka yanke shi ne ba za a sake wasa ba, domin babu dokar da ta hana mutum jin harshensu. Amma doka ta hana ɗan kallo ba 'yan wasa umarni da na'urar ƙara murya. Saboda haka aka gargaɗi ƙungiyar Villeurbanne, shi kuma aka hana shi shiga fili har ƙarshen kakar bana. Su Walid suka ce hukuncin ya yi sauƙi, su Youssouf suka ce ya yi tsanani. Ni dai da na ga kowa ya fita yana ƙunƙuni sai na ce watakila an yi adalci. Sai dai wasa ɗaya ya rage a kakar, kuma shi ne na ƙarshe, wanda Youssouf bai taɓa kaiwa ba.

A hanyar gida ne dariya ta ƙare. Inès ta faɗa wa kawunta abin da Walid ya ɓoye, cewa a ranar wasan akwai wani mutum da ya zo daga Jamus musamman don ya ga wasan Walid, daga ƙungiyar da ke biyan 'yan wasa albashi, kuma tun ranar bai sake kira ba. Da muka iso na ajiye wa Yaya Maikano kwanonsa. Bai ci abinci ba. Da la'asar na gan shi ya je ya tsaya a ƙofar ɗaki, ya kira Walid da sunan da Inna take kiran mahaifinmu, tun da sunansa ya ci, ya ce bai sani ba, kuma ko da bai sani ba bai kyauta ba, domin shi ma ɗansa ne. Walid ya ce da Hausarsa mai gargada, ba komai Tonton, wato kawu, laifinsa ne da bai sauya kalmomin ba. Na shige kicin don kar su ga fuskata.

Ranar wasan ƙarshe Walid da kansa ya tafi Lyon. Inès ta samo musu ɗakin wani ɗalibi ɗan Kaduna mai suna Kamalu, a hawa na huɗu, tagarsa na kallon filin. Suka zauna a kan gadon yaron, lasifika kuma aka bar ta a gida bisa sharaɗin Walid. Kamalu ya ce bai san amfanin barin ta ba, domin da baki kawai Yaya Maikano ya yi ta ihu har maƙwabta suka buga bango. An ci su Youssouf ci mai yawa. Yaya Maikano ya juyo ya ce wa Walid wannan ya nuna ƙarara cewa shi ne ke riƙe da ƙungiyar nan, Walid kuma ya ce gaskiya ne, Tonton. Mutumin Jamus har yau shiru, amma yaron ya koma atisaye, ki sa shi a addu'a.

Jiya Yayanki ya kira ni da ya ji zan rubuto. Ya ce a gaya wa mutanen gida ba a ɗaure shi ba, amma kar a ce wasa ɗaya kawai aka hana shi. Wai a ce hukuma ta dakatar da shi har ƙarshen kaka bayan dogon zama a Paris, irin yadda ake yi wa manya a Amurka, kuma zancen taga da ƙofa ba dole ba ne a ambata. Ni dai na faɗa miki yadda aka yi. Ke ce babba, ki zaɓi wanda za a kai gidan biki.

Ki gaida min Alhaji da kyau. Ki gaida Rékia, ki ce na gode da ta sanar da ni. Ina gaida Raihana da maigidanta da jaririnsu Nour, Allah Ya raya. Malam Uzairu da Walid da Inès duk suna gaishe ku. Allah Ya sada mu da alheri.

Taki ƙanwa,
Rahma