Shingen da Na Sare

Baban Nana,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma ba ni da wanda zan yi wa faɗa sai kai.

Ina nan Guangzhou, a gidan hayarmu na unguwar Baiyun, ina takaba. Yayyenka sun sa gawarka a jirgi zuwa Kano tun jininka bai gama bushewa a titi ba. Ko kabari ba su bar mini ba. Nana kalau take, ta fara haƙori. Gari kuwa ba a zancen komai sai wasannin Olamfik, biza ta yi wuya, hukuma ta ce ina gama takaba in tattara in bar ƙasar.

Ka tuna shingen itacen loral ɗinka, mai ganye kore mai kauri da ba ya zuba, wanda na sha cewa ka fi son sa da ni? Kullum kana tsugune gabansa da almakashi kamar wanzami. To, sanyin bana ya yi masa kaca-kaca, ganyen ya yi ja, bakinsa ya ƙone. Ni 'yar Kano ce, abin da na sani in ganye ya bushe ƙishirwa ce. Na yi ta ɗura masa ruwa, ko gezau. Na ce shi ke nan, shi ma ya bi ka.

Ranar Juma'a da la'asar zuciya ta ɗebe ni. Na ɗauko faffaɗar wuƙar nan da kake sara ƙashin rago, na far wa shingen. Wallahi kai nake sara. Me ya kai ka tsallaka titi kana waya, motar kaya na tafe? Wa ka bar wa mu a ƙasar mutane? Na sara, na tattake, wani reshe ya yage mini goshi, jini ya rufe idona, ban tsaya ba. Nana tana bayana tana tsala ihu.

Tsohuwar da ke da gidan ce ta zo ta riƙe hannuna. Ta ɗauki reshe ɗaya a ƙasa, ta kankare ɓawon da farce, ta kai mini kusa da ido. Kore shar, har da danshi. Da hannu da guntun Turanci ta fahimtar da ni iskar sanyi ce kawai ta ƙona ganyen. Jira ake yi gari ya yi ɗumi, a aske busasshen, sabo ya fito. Ashe da ransa na daddatsa shi, abu ɗaya da hannunka ya bar mini a garin nan.

Ta ce wataƙila kututturan su tofo, wataƙila a'a. Kowace safiya sai na tsuguna na dube su ɗaya bayan ɗaya, har yau shiru. Takabata ta kusa ƙarewa, ina tsoron in hau jirgi ban san ko na kashe su ba.

Haushinka bai sake ni ba tukuna, amma ban taɓa sallah ban sa ka a addu'a ba. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka.

Matarka,
Maman Nana