Kansilolin da Na Saukar Sun Ce Ba Hannunsu

Malama Jannat, a taimake ni da shawara, kaina ya ƙulle.

Shekaruna sittin da bakwai. Na yi akawu a ƙaramar hukumarmu a Najeriya, da diflomata, har ranar da sabon ciyaman ya ba ƙanin matarsa kujerata. Na taho Abidjan. Shekara talatin ke nan ina cike wa 'yan kasuwar Adjamé takardun kwastan, mutanen da ko sa hannu ba su iya ba.

Duk kansilan garinmu da ya zo sarin atamfa, gidana na unguwar Arras a Treichville yake sauka. Na bar musu gadona, na yi musu tafinta, na ɗaukar musu jaka. Abu ɗaya na roƙa: in 'yata Ni'ima ta gama karatun unguwarzoma, a ɗauke ta a asibitin garinmu, in bi ta in mutu a gida. Kowannensu ya ce an gama.

Ta gama. Sai ga labari wai jiha ta karɓe ɗaukar ma'aikata daga hannun ƙananan hukumomi, komai ta intanet. Suna neman takardar shaidar 'yar asalin gari. Ban taɓa yi mata ba. Wa zai tambaye ni takarda a garin ubana? Saura kwana tara a rufe karɓar takardu. Kansilan da na kira ya ce ɗansa ma layi yake bi. Ban san wa zan roƙa ba kuma.

Tsohon Akawu, Treichville

AMSA

Baba, na ji zafinka, kuma karamcinka bai faɗi ƙasa ba. Amma tsohon tsarin sanayya da kake kukan rashinsa shi ne ya raba ka da aikinka. Sabon ma ba tsarkakakke ba ne, sai dai Ni'ima za ta iya shiga da ƙafarta.

Sake kiran kansilan. Kar ka roƙi aiki, roƙi takardar: ya kai hotunanta wurin dagaci, wannan yana hannunsa. Shaidar karatunta ta Faransanci kuwa sai an fassara, hukumar unguwarzoma ta tantance. Kwana tara ba za su isa ba. Ba zan ɓoye maka ba, bana ta wuce. Ku shirya wa ta gaba.

Sannan, Baba, ban ga inda ka faɗi abin da Ni'ima take so ba. A Abidjan aka haife ta. Zaunar da ita ka tambaye ta kafin a ɗauki hoto, ka kuma shirya jin amsar da ba ka so.

Allah Ya sanyaya maka, Ya zaɓa muku mafi alheri.