Hoton Shamuwar da Ba Za a Yanka Ba

Assalamu alaikum, ɗana.

Na san takardar nan ba mai kai maka ita, ba kuma za ka karanta ba. Amma yau raina a ɓace yake, kuma a kanka ne, don haka kai za ka ji.

Labarin gida tukuna. Soja sun koma bariki, an rantsar da farar hula, ko'ina a Dala fastoci ne da kiɗa. Ƙanwarka Binta ta sauka lafiya, namiji. Shamuwa ta dawo tsamiyar bayan gida, wata bakwai da rasuwarka, ba mai ɗaga mata kyamara.

Sabon kansilan unguwarmu yana son kalanda, fuskarsa a sama, tsuntsayen gari a ƙasa. Ɗanlami, wanda kuka yi shagon hoto tare a Gwammaja, shi aka ba aikin. Jiya da la'asar ya zo neman akwatin hotunanka, na fito masa da shi. Ya baje su a tabarma kamar mai gwanjo, yana ɗauka yana taɓe baki. Wannan wai dishi-dishi, wancan wai hannunka ya yi rawa. Da ya zo kan na shamuwar da ta tashi daga dutsen Dala, sai ya ce fukafukanta ba su fito ba, kuma ka jefa ta gefe ka bar rabin hoto fili. Ya zaro almakashi, wai zai rage shi ta dawo tsakiya.

Ɗanlami fa! Mutumin da bai taɓa ɗaukar abu mai motsi ba. A zaunar da mutum gaban labule, a miƙa masa furen roba, a hana shi ƙyafta ido, iyakar saninsa ke nan. Shi ne zai yi wa aikinka hukunci? Ya taɓa tsayuwa a rana tun hantsi har azahar, yana jiran tsuntsu ya juyo?

Na ce ya dubi idonta. Idon nan ya fito tar, har ɗigon haske a ciki. Fukafuki kuwa, wa ya taɓa ganin na tsuntsu mai tashi a tsaye cak, in ba matacce ba? Filin da yake kira banza, nan ta nufa. A yanke shi, ta je ina, ta daki bango? Duk wannan daga bakinka na ji, ranar da kake yi wa Binta bayani a tsakar gida, ni kuma ina tsintar shinkafa kamar ba na ji.

Kar ka ɗauka na wanke ka. Hoton shirwar nan da ka ɗauka, wayar lantarki ta ratsa wuyanta kamar za a yanka ta. Taku biyu za ka matsa, ka ƙi. Balbelun kuwa sun yi fari fat, ko gashi ɗaya ba a gani. Gaggawarka ce, wadda na sha yi maka faɗa a kanta tun kana firamare. Wannan ni zan faɗa, ba mai furen roba ba.

Ga abin da ke cina. Kai ne ɗan farina. Ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa yaba maka ba, haka aka tarbiyyantar da mu. Ranar da ka wanko hoton shamuwar nan ka kawo mini ɗaki, na ce ka nemi aikin kirki ka bar bin tsuntsaye. Ka ɗan tsaya, ka ajiye shi bakin gado, ka fita. Ka san na daɗe ina kallonsa? Me zai rage ni da na kira ka ka dawo?

Na karɓe almakashin daga hannun Ɗanlami, na ce in za a buga, a buga yadda ka bar shi, in ba haka ba kansila ya cike gurbin da wata fuskar tasa. Ya tafi yana gunaguni, bai ɗauki ko ɗaya ba.

Yau da safe na sauke langa uku daga jerena, na rataye hoton shamuwar a wurin, cikakke. Gwaggonka Hajara ta shigo ta gani, ta ce na zubar da alkunya, uwa ba ta baje kolin ɗan fari. Na ce kunyar ta ishe ni haka, na yi ta shekara talatin da ɗaya, ga inda ta kai ni.

Hoton ya yi kyau, Bashir. Ka iya.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sada mu da alheri.

Mahaifiyarka,
Rabi, daga Dala