Haƙorin Amatullah

Janbako, 4 ga Oktoba, 2021

Yaya Kamilu,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali? Tunda an rufe layukan waya, na ba direba wannan takarda.

Ɗiyata Amatullah ta yi kwana tara ba ta ci tuwo ba. Haƙori ya ruɓe, kunci ya kumbura har ido ya rufe. Munka je Maradun, anka ce babu mai duba haƙori. Bakura ma haka. A asibitin Mafara na tsaya ƙofar ɗakin haƙori inda ka yi aiki, na tarar da kwaɗo. Mai shara ta ce tun da ka koma Abuja ba a buɗe shi ba.

Munka dawo gida, babanta ya kira wanzami. Ya sa filaya, haƙorin ya karye, saiwar na ciki. Shekararta bakwai, Yaya. Ni na danne mata hannuwa.

Kai da Inna ta sayar da saniyarta don ka koyi wannan aiki, sai ka ji daɗi.

Ƙanwarka,
Surayya

Abuja, 11 ga Oktoba

Surayya,

Wa alaikumus salam. Ya mai jiki? Ku kai ta Sakkwato yau, kada mugunya ta shiga ƙashi. Wanzamin nan kuma kada ya sake taɓa ta.

Amma kada ki ɗora mini. Shekara biyar ni kaɗai, ƙananan hukumomi uku a kaina. Injin aikin haƙori ya mutu, na rubuta takarda sau takwas, ko amsa babu. Allurar kashe zafi ta ƙare, na dinga cire wa yara haƙori suna ihu, iyayensu na zagina. Na roƙi a turo mini ko mutum ɗaya. Kin taɓa tambayata yadda nake kwana? Ki kai fushinki inda ya dace.

Ki gaida Inna.

Yayanki,
Kamilu

Sakkwato, 29 ga Oktoba

Yaya,

Sallama. An tsaga muƙamuƙin, an kwashe mugunya. Ta tashi, amma bakin ba ya buɗuwa fiye da yatsa biyu, kunu kawai take sha.

Gadon da ke kusa da namu wata Taibatu ce daga Garbadu, ita ma da ɗiyarta, ciwo iri ɗaya. Da ta ji sunanka ta ce, "Ashe yayanki ne? Don Allah tambaye shi yaushe zai dawo."

To, na tambaye ka.

Surayya