Waƙarka a Kan Faifai, Sunana a Jiki

Zuwa ga Yaya Ɗanlami,

Gaisuwa mai yawa, da addu'ar Allah Ya haskaka makwancinka. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ina rubutawa ne don a nan Ikko ba ni da wanda zan faɗa wa.

Waƙarka ta fito, Yaya. Ta noman nan da ka fara a gindin ɗorawa a gonarmu ta Randagi, kana ƙwanƙwasa ƙotar garma da dutse, ni kuwa ina yi maka dariya. Damina uku kana gyaranta. Duk gayyar da muka je sai ka ƙara sunan manomi ɗaya. In ya ji kirarinsa bai ɗaga garma sama ba, ka ce baitin bai nuna ba, ka koma ka sake shi. Ni nawa amshi ne kawai.

Bayan rasuwarka na gangaro nan ina dako. Wani mai fataucin goro ya ji ina rera ta, ya kai ni wurin masu ɗaukar faifan garmaho. Ranar gwaji suka tsayar da ni gaban wani ƙarfe, suka ce in jar fitila ta kama in fara. Ban kai rabin sunayen ba fitilar ta mutu. Ashe faifai minti uku yake ci. Waƙar da ke ɗaukar mu tun hantsi har azahar, yaya za ta shiga minti uku?

Aka ce ƙarar ganga tana sa allura tsalle, aka tura makaɗi can ƙurya, aka yafa wa gangar bargo. Aka ce a hanzarta kiɗa. Da wannan saurin ba mai iya kai kunya ɗaya ƙarshe, amma su ba noma za su yi da ita ba. Sai aka zo rage sunaye. Na cire Mamman Dogo, na cire tsohon nan na Tabanni, har Baba na cire. Na saka mai goro, mutumin da ban taɓa ganin garma a hannunsa ba. Ya yi mini alheri, ba zan musa ba, amma bai ce in saka shi ba.

Baturen da ke shugabantar masu ɗaukar faifan ma ba zan yi masa ƙage ba. Ya sa akawunsa ya tambaye ni ko waƙar ta wa ce, don a buga a jikin faifan. Har sau biyu ya tambaya. Ba wanda ya matsa mini. Na ce tawa ce. Me ya hana bakina kiran sunanka? Ina jin na gaji ne da zama mai amshi, tun kana da rai, ban taɓa gaya maka ba.

Labarin gida wani direba ke kawo mini. Inna tana fama da ƙafa. Matarka ta yaye Ladidi. Birai sun hana dawar bakin daji sakat. Ya ce faifan ya isa Birnin Gwari, wani mai kanti ya kunna ran kasuwa. Mutanenmu suka kewaye shi, kowa yana jiran sunan ubansa, har allura ta kai ƙarshe, suka watse. Inna kuwa sai da aka sake kunna mata. Ba wanda ya karanta mata abin da ke jikin faifan. Tana ta gaya wa mutane ɗanta ya kai sunan wansa har Ikko. Kuka da daddawa ta aiko mini da su. Na kasa ci.

Na koma na roƙi a gyara rubutun. Akawu ya ce a Ingila ake bugawa, aikin ya riga ya wuce.

Yanzu sun ce faifan ya karɓu, in kawo wata sabuwa. Wata biyu ina nema, ko baiti ɗaya bai zo mini ba. Kai ka san ba zai zo ba. Gobe zan je in gaya musu mai waƙar yana kwance a Randagi, su yi yadda suka ga dama da ni.

Ka yafe mini. Allah Ya jiƙanka.

Ƙanenka, mai yi maka amshi,
Tanko